Na Sunkuyar da Kai ga Farantan Wani

Jama'a, ku sassauta mini da zagi haka nan. Na karanta duk abin da kuka rubuto, har da na baiwar Allahn da ta ce sojar da ke kuka saboda namiji gara ta ajiye bindiga ta kama tallan gyaɗa. Na gode, 'yar'uwa. Ki zo Birao ki yi wata guda tukuna. In ba ki wayi gari kina gaishe da jakin mai ruwa kina tambayarsa iyali ba, ki dawo ki ƙara zagina.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Kangwa, 'yar Kasama, kofur a rundunar Zambiya da aka kawo nan ƙuryar Afirka ta Tsakiya aikin kiyaye zaman lafiya. Shekarata ashirin da takwas, abin da a gidanmu ake faɗa ƙasa-ƙasa kamar sunan wata muguwar cuta. Ƙanwata tana da 'ya'ya biyu. Ni ina da shuɗiyar hula, da takalmi mai nauyin bulo, da Sampa, wanda ba wanda na taɓa faɗa wa ina da shi sai ku da Tika.

Tika ita ce Saja Tikambenji Jere, wadda muke ɗaki ɗaya. Ɗakin ma dai suna ne kawai, kwantena ce aka fasa wa taga. Gadona na hagu, da gidan sauro, da tsohon zanen Bamayo, mahaifiyata, mai zanen tsuntsaye, wanda na rataya ya zama labule. Ban taɓa wanke shi ba tun da na zo, don har yanzu in na kai hancina ina jin hayaƙin madafarmu. A bakin ƙofa akwai rabin jarka da na shuka kabewa a ciki, ba don 'ya'yan ba, don ganyen. Ganye biyar in sun fito sai na yi ta kallonsu na kasa tsinka.

Tika 'yar Chipata ce, mu Bemba da mutanensu abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Maciya biri, tashi, an busa."

"Na ji, maciya ɓera. Ki rage murya, bakinki na warin wutsiya."

Da wannan muke buɗe kowace safiya. In ban da ita, da tuni na fara magana da bango.

Kar ku ɗauka kullum harbi ake yi. Mafi yawan aikina tsayuwa ce a rana. Mu fita sintiri, mu tsaya a bakin rijiyar burtsatse, mu zauna da matan gari su gaya mana damuwarsu ta bakin tafinta, ni ina gyaɗa kai ina murmushi har kumatuna su gaji. Mutanen kirki ne, suna ba ni shayi mai zaƙin da ke kama maƙogwaro, suna taɓa kitsona suna dariya. Amma mutum ya yini cikin mutane bai fahimci ko wasa ɗaya da aka yi ba, wannan wani irin kaɗaici ne da ban san da shi ba sai a nan. Na dawo, na wanke safa, na goge kaki, na shafa jan farce a babban yatsan ƙafata guda ɗaya wanda ba mai gani, na zauna.

Abinci kuwa akwai shi, ba na yi wa kowa sharri. Akwai kaza, akwai cuku, akwai wani jan wake na gwangwani. Ni dai ƙanzo nake so. Da an gama kwashe tuwon masara na rana sai na zagaya bayan madafa, kukunmu ya miƙo mini tukunya yana girgiza kai.

"Kofur, an kawo tuffa daga Turai, ke kina kankare gindin tukunya."

"Ba wa Saja tuffar, ita ce ba ta san daɗi ba."

Na jiƙa shi da ruwan sanyi, na barbaɗa sukari da garin madara, na zauna a inuwar kwantena ina ci da yatsu. Sai kuma gwangwanin busasshen kapenta, ƙananan kifin nan na Mpulungu, da na zo da shi, wanda nake ɓoyewa a ƙarƙashin kayan sanyi kamar zinare. Sai ranar da kewar gida ta kai mini wuya nake ɗiban 'yan kaɗan.

To, Sampa. Mai gyaran waya ne a kasuwa, yana da ɗan akwatin gilashi cike da matattun wayoyi, da dogayen yatsu duk tabon ƙuna. Ƙungiyar waƙa ɗaya muke a coci. A gidanmu an san shi da yaron kirki, shi ke nan. Wayar Bamayo mai maɓalli ce, ba ta hoto, saboda haka kowace Lahadi bayan an taso coci Sampa ke kai mata tasa mu ga juna. In ta gama yi mini faɗa, sai ya fito waje gindin mangwaron ƙofar gida, ya juyo da wayar fuskarsa.

"Kofur, kin rame."

"Kai ma gemunka ya yi kamar tsintsiyar da aka gaji da ita."

"Na bar shi ne sai kin dawo kin ba da umarni."

Wannan 'yar maganar nake tauna har wata Lahadin. Kuma duk sansanin nan wuri ɗaya ne sabis ke kamawa da kyau: bayan asibiti, jikin tankin ruwa, a kan wani bulo da wani bawan Allah ya ajiye. Ka sauka daga bulon, magana ta yanke. Ranar Lahadi layi ake yi, manya da ƙanana, kowa na jiran ya hau ya yi kuka ya sauko.

Faɗan Bamayo kuwa ɗaya ne, kala yake canzawa. Yaushe zan cire wandon nan. Wa zai auri macen da ta fi shi iya harbi. Ita kuma Mayosenge, wato gwaggona, ƙanwar babana, tana da babbar waya tata ta kanta, ba ta da aiki sai turo mini hotunan amare da kek mai hawa uku, ba ko gaisuwa.

Wata Talata Sampa ya rubuto mini: "Na sayi wani abu yau. Fari ne, guda biyu. Kar ki tambaye ni."

Na rubuta: "Takalmi?"

"Na ce kar ki tambaya, Kofur. Ba a bin umarni a barikinku?"

Na yi dariya na bar shi. Ranar Lahadin da ta biyo, Bamayo ta kawo fuskarta dab da waya har hancinta kawai nake gani, ta rage murya.

"Ranar Asabar da hantsi ki nemi zani ki ɗaura. Kar ki fito mini da wandon nan. Za mu yi baƙi."

"Waɗanne baƙi, Bamayo?"

"Baƙi masu faranti. Kuma kar ki cika ni da tambaya, ba a haka na rene ki ba."

Sai da na dafa tanki. A danginmu namiji ba ya zuwa ya ce yana son 'yarku da baki. Wakilai yake turowa da fararen farantai biyu, ɗaya kife a kan ɗaya. A kira yarinya a tambaye ta ko ta san mutanen. In ba ta san su ba, ta faɗa, a mayar musu da kayansu yadda suka kawo. In ta san su, ba ta cewa uffan. Ta durƙusa ta sunkuyar da kai, a buɗe faranti, magana ta ƙare. Bayan mako a mayar da farantan da tuwo da kaza guda sukutum, daga nan kuma ba ja da baya sai da tonon silili.

Fari, guda biyu. Ku da kanku me za ku ce?

Ranar ba mu samu gindin mangwaro ba, sabis ya ɗauke. Da yamma na sake hawa bulo na rubuta masa kalma ɗaya: "Asabar?"

Ya amso: "Eh, Bamayo ta gaya mini. Har ta ce na sa riga mai kyau." Da 'yar fuskar dariya a ƙarshe.

Na rungume wayar a ƙirji kamar wata yarinyar sakandare. Wani manjo da ke bayana a layi ya yi gyaran murya, na sauko ina ba shi haƙuri ina dariya, yana kallona kamar zafin rana ya taɓa ni.

Makon nan ban taka ƙasa ba. Na roƙi wata ta karɓar mini gadin Asabar. Daren Juma'a Tika ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta yi mini kitso ƙanana, tana ja kamar tana da tsohuwar gaba da fatar kaina.

"Wayyo, Saja, a hankali!"

"Yi shiru. Wanda zai auri maciya biri ai sai a taimaka masa da abin kallo."

Da safe na ɗaura sabon zani kore mai ratsin zinare a kan farar riga, na yafa wani a kafaɗa, ƙafata kuwa cikin takalmin soja don ba ni da wani. Na buɗe 'yar kwalbar humra da na saya wurin wata 'yar Sudan a kasuwar gari, wadda na yi alkawarin ba zan taɓa ba sai ranar aurena, na ɗiga a wuya.

"Wayar ce za ta kai musu ƙamshin?" in ji Tika.

"Ni zan ji."

Da muka isa tanki sai matsala ta taso. Dole na durƙusa, sabis kuwa yana kan bulo. Tika ta ja tsaki, ta haye bulon da kanta, ta ɗaga wayar sama ta karkato ta, ni kuma na zube a kan tsakuwa a gabanta.

"Yau dai Bemba ta durƙusa mini. Allah na gode maka."

Kira ya shigo. Fuskar Sampa ce ta fara fitowa, cikin farar riga mai dogon hannu an goge ta har tana sheƙi, ya aske gemun. Bai yi dariya ba. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, leɓensa ya motsa, sai kawai ya ce, "Kangwa, ga su Batata." Bai ce Kofur ba. Na ce a raina, kunya ce, bawan Allah, gaban surukai.

Ya juya wayar. Falonmu, da fararen kyallayen da Bamayo ke saƙawa a kan kujeru, da hotona na ranar gama horo a saman talabijin. Batata, mahaifina, cikin kwat ɗinsa na coci. Kawu a gefensa. Wasu dattawa biyu da ban sani ba, na ce dangin Sampa ne daga ƙauye. Mata a ƙasa kan tabarma, Mayosenge a gaba. A tsakiya kuwa ga su nan, farantai biyu a kife, farare tas.

Kawu ya yi gyaran murya. "Kangwa, 'yata, kina jina?"

"Ina ji, Kawu."

"Waɗannan bayin Allah sun taso tun da asuba. Sun ce sun ga wani abu a gidan nan. Sun fito ne daga gidan..."

Sai hoton ya tsaya cak. Kawu da baki a buɗe, hannu a sama, ɗan da'irar nan na ta juyawa a kan goshinsa. Tika ta ɗaga wayar, ta girgiza ta, ta yi ɗage a kan bulo tana zagin kakannin sabis. Ni ina durƙushe, tsakuwa na cin gwiwata.

Hoton ya dawo. "...to, kin san su?"

Jama'a, na san su mana. Shekara huɗu ina saninsu. Na haɗa hannuwana a cinya, na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji, na yi shiru irin wanda Bamayo za ta yi alfahari da shi.

Guɗa ta tashi har wayar na karkarwa. Na saci kallo na ga Mayosenge ta rarrafa ta ɗaga farantin sama a madadina. Na ga Batata ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu, mutumin da ko a jana'izar uwarsa ban ga hawayensa ba. Daga nan hoton ya karkace, na ga silin, na ga ƙasa, kira ya yanke.

Na yi farin ciki na yini guda, wannan ba wanda zai ƙwace mini. Na fito da gwangwanin kapenta na juye wa kuku gaba ɗaya na ce a soya wa kowa. Na tsinke ganyen kabewata. Na yi rawa a bayan madafa da zani da takalmin soja, samari na buga mini tukunya. Na rubuta wa Sampa, "Ka iya ɓoye abu, mugu," na ga saƙon bai shiga ba, na ce caji ne ya ƙare masa.

Da la'asar muna zaune a ƙofar ɗaki, Tika na yanke farce. Tun rana na lura ba ta tsokane ni ba.

"Kangwa," ta ce.

Na juyo, don ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"A wurinku, mai neman aure yana zama a ɗakin da ake buɗe farantansa?"

"A'a. Amma ai wayarsa ce."

"Da ba zai ba wani ya kawo ba? Ya zauna gaban babanki ranar, ido cikin ido? Ko mu da kuke cewa ba mu da kunya ba ma yin haka."

Abin da kowace yarinya 'yar shekara goma ta sani a Kasama ke nan. Ango ba ya ko bin layin gidan ranar. Ni na san haka, na sani sarai, amma watannin da na yi ina cin ƙanzo ni kaɗai a inuwar kwantena sun sa na ga abin da nake so na gani.

Na ruga tanki ba ko ɗankwali. Ina hawa bulo saƙon Mayosenge ya faɗo. Hoto ne: wani mutum cikin kwat mai ruwan toka, da biro uku a aljihu, ya dafa wata farar mota. A ƙasa ta rubuta: "Ga mijinki. Kin fitar da mu kunya, 'yar ɗan'uwana."

Malam Nkole ne, mataimakin hedimasta a Mungwi. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a bikin ƙanwata, inda ya bi ni har wurin wanke hannu ya gaya mini cewa mace da bindiga kamar kaza ce da agogo, amma shi mai haƙuri ne, zai jira na gaji. Ba mugu ba ne, kar ku ce na ce. Mutum ne dai da ban taɓa tunawa da shi ba ko sau ɗaya tun daga ranar.

Na zauna a kan bulon. Abin da ya fi ci mini rai ba hoton ba ne. Sampa ne ya riƙe wayar. Ya goge riga ya zo yi wa Bamayo alheri, ya tarar da farantan wani a tabarma, ba halin ya fita, ba halin ya yi magana a gaban manya. Ya tsaya ya saita hannunsa don kowa ya gan ni da kyau, ya kalle ni ina sunkuyar da kai ga wani.

Na kira shi. A kashe. Na sake kira. Lahadi ta zo na shiga layi, na hau bulo na tsaya har na bayana suka fara tsaki, ba wanda ya kira ni. Wannan ce Lahadi ta farko da ban ji muryar gida ba. Na koma ɗaki na ja labulen Bamayo na rufe fuskata da shi, na yi kukan da baiwar Allahn nan ke yi mini gori a kai.

Kwanakin da suka biyo na yi aikina, don soja ba ya cewa zuciyarsa na ciwo. Na tsaya a rijiya, na sha shayi, na yi murmushi. Kuku ya miƙo tukunya na ce na ƙoshi. Daga nan kiran intanet kawai ke shiga, wayar Bamayo ba ta ɗauka, don haka hanyata zuwa kunnen Batata ita ce wayar Sampa, ita kuma a kashe. Da na ga ba sarki sai Allah, na kira Mayosenge.

Ta ɗauka tana tsinke wake, ta jingina wayar da kwano.

"Amarya! Har kin fara haske."

"Mayosenge, ku saurare ni don Allah. Kuskure aka yi. Sabis ya ɗauke lokacin da Kawu ya faɗi sunan. Ban ji ba."

Hannunta bai tsaya ba. "Ba ki ji ba, kika sunkuya?"

"Na zaci wani ne."

"Wa?"

Ta ɗago ta dube ni, kallon da ya gaya mini ba yau ta san amsar ba.

"Kin ji ko ba ki ji ba, dattawa huɗu sun ga kanki a ƙasa. Babanki ya tashi a coci ranar Lahadi ya faɗa da bakinsa, har aka tafa masa. Mutumin da shekara nawa ana tambayarsa yaushe sojarsa za ta zama mace. Yanzu kina so ya koma ya ce wasa ne? An riga an ware kazar, Asabar za a kai."

"Ku kai masa wayar, ni zan yi masa bayani."

"Ni? Na kai wa yayana abin da zai kwantar da shi? Ki nemi mai gyaran wayarki. Ai ya iya riƙewa, ranar ko rawa hannunsa bai yi ba sai a ƙarshe."

Ta kashe.

Na faɗa muku gaskiya, na yi tunanin na bari kawai. Na tuna Batata yana goge ido. Na ce wataƙila haka mata da yawa suka yi, suka rayu, suka haihu. Na faɗa wa Tika haka, ta ajiye takalmin da take gogewa.

"In kin auri mai biro uku, ni ba zan zo ba. Kuma kullum sai na kira ki na tambaye ki lafiyar agogon kaza."

Ranar Alhamis aka kira sunayen masu rakiyar motocin abinci zuwa wani ƙauye can bakin iyaka. Sunana na ciki, na Tika babu. Tafiyar fiye da mako, kuma can ko rediyon mota da ƙyar yake kamawa. Tashi Juma'a da safe.

Da sassafe, da jaka a baya da bindiga a kafaɗa, na ce bari na hau bulon sau ɗaya na ƙarshe. Wayar ta yi ƙara a hannuna. Sampa.

Hoto ya turo. Teburinsa na kasuwa, an ture matattun wayoyin gefe, a tsakiya fararen farantai biyu, ko takardar shago ba a ɓare musu ba. Sai rubutu:

"Waɗannan ne na ce kar ki tambaya. Na so sai kin dawo, don ki ɗaga da hannunki. Ban yi fushi ba, Malam mutum ne mai mota. Mai shagon ya ce zai karɓa in ban ɓare ba. Ki gaya mini da baki, ba da kai ba: na mayar?"

Na danna wurin ɗaukar murya.

"Sampa, kar ka mayar. Ban ji sunan ba, na rantse da Allah ban ji ba. Kai na zata. Kai na sunkuya wa. Ka hau kekenka yanzu ka je gida ka kunna wa Batata wannan." Sai na juya maganar ga Batata. "Batata, ku gafarce ni. Ni ce Kangwa. Ban san mutanen nan ba. Na san na zubar muku da mutunci, zan zo na durƙusa a gaban duk wanda kuka ce. Amma kar a yanka kazar nan."

Na saki. Ɗan agogon nan ya fito a gefen saƙon ya zauna. Na ɗaga wayar sama, na juya gabas, na juya yamma. Agogo. Daga filin fareti aka fara kiran suna.

Tika ta iso da gudu da buroshi a baki. Na cire makullin wayar na danƙa mata. Tun da na zo ƙasar nan wayar ba ta taɓa kwana nesa da kunnena ba.

"Hau. Kar ki sauko sai ya tafi."

"Ko zan bushe a nan. Wuce, maciya biri, kar a rubuta ki."

Aikin soja rabinsa jira ne. Aka loda mu a bayan mota, aka ƙirga mu, aka sake ƙirgawa, muka zauna rana na hawa ana jiran wata motar mai da ta ƙi tashi. Daga inda nake ina hango kan Tika can bayan asibiti, hannu a sama kamar mai tallan waya. Ba halin na sauka. Na yi ta addu'a motar man nan ta ƙara lalacewa.

Sai ta tashi. Aka buɗe ƙofar sansani, motar gaba ta fita, ta biyu ta bi, tamu ta ja.

A nan na ga Tika ta duba wayar, ta kai kunne, ta ƙame kamar tana gaban kwamanda. Sai ta diro daga bulon ta zubo da gudu, silifa ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba, tana ɗaga wayar tana ihu.

"Kangwa! Babanki ne! Ya ce shi ba ya magana da na'ura! Ya ce ki faɗa masa da bakinki, yana jira!"

Na miƙe, wani ya riƙe mini bel ta baya. Na ware murya iya ƙarfina na ce, "Batata, ban san su ba!" Injina goma na ruri, ni kaina da ƙyar na ji abin da na faɗa.

"Koma kan bulon!" na yi mata ihu. "Tika, koma!"

Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta dubi wayar, na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ɗago ta dube ni, ta juya da gudu ta nufi tanki da ƙafa ɗaya ba takalmi. Motarmu ta karya kwana, katangar buhunan yashi ta rufe ta.

A littafin aljihuna nake rubuta muku wannan a bayan mota, sai ranar da na dawo kan bulo za ku gani. Gobe ce Asabar.